Kafin ka zuba kuɗinka a jita: Yamaha, Squier ko Epiphone?

Duk makaɗin da ya zo mini neman shawarar sayen jita a Kumasi, tambayarsa guda ce: Fender ko Gibson, manyan kamfanonin jita na Amurka? In aka bi maganar a hankali sai a tarar abin da ke aljihunsa bai kai kuɗin ko ɗaya ba, ƙannensu yake nufi, wato Squier da Epiphone. Ni kuwa suna na uku nake kawo masa: Yamaha. Nan take wani zai kwashe da dariya ya ce, "Yaya, jita na ce fa, ba babur ba."

Babur ɗin shi ne ƙane. Kamfanin ya faro ne a 1887, lokacin da Torakusu Yamaha ya gyara wani ogan da ya lalace a wata makaranta a garin Hamamatsu na Japan, daga nan ya shiga ƙera nasa. Babur bai zo ba sai 1955. Wanda ya duba tambarin da ke jikin tanki zai ga ƙarafa uku masu baki biyu sun gitta juna, irin ƙarfen nan ne da ake ƙwanƙwasawa a saita murya da shi. Mu kanmu ba ma jayayya da su a wajen kibod. Ka leƙa cocin da ka ga dama daga Bantama zuwa Asafo, ko wurin biki a Aboabo, da wuya ka rasa kibod ɗinsu na PSR a gaban mai kiɗa. A jita kaɗai muke ɗaga musu hanci, don sunayen da muka tashi muna gani a hannun manya a talabijin daban ne.

Ina magana ne da makaɗin da jitarsa ɗaya ce tak. Wanda yake da uku ko huɗu a rataye a ɗaki, ya zaɓi wadda ta dace da waƙar ranar, ba ya bukatar shawarata. Amma yawancinmu a Zango guda ce, ita za ta yi hailaif a otal daren Juma'a, ta je jana'izar Asante ranar Asabar a bi da ita waƙoƙin coci, ranar Lahadi kuma ta tsaya ƙarƙashin rumfa a Sawaba ko Asawase tana raka waƙar amarya, a tsakani wani ya nemi rege, wani baƙo daga Nijar ya ce a ɗan taɓa masa kiɗan Agadas. Tsakanin wannan wuri da wancan, tana cikin jaka mai laushi a kujerar baya ta turoturo, wato bas ɗin haya, ko a kan cinya a cikin firagiya, keken haya mai ƙafa uku. Jitar da zan ba wa irin wannan mutum ita ce Yamaha Pacifica 112V. Zan faɗi dalilaina, zan kuma faɗi inda sauran biyun suka fi ta, don akwai.

Asalin rigimar tsohuwa ce. Leo Fender ya fitar da Stratocaster a 1954 a Kaliforniya, Gibson kuma ya riga shi da Les Paul a 1952. Kusan duk jitar lantarki da ke kasuwa a yau ɗaya daga cikin hanyoyin nan biyu ta bi. Gibson ya sayi Epiphone a 1957, daga baya ya mai da shi sunan da yake sayar da masu sauƙin kuɗi da shi. Fender ya yi haka da Squier daga 1982, da farko a Japan, yanzu a Sin da Indunusiya. Pacifica kuwa ta fito a 1990, a ofishin Yamaha na Kaliforniya aka zana ta, kuma ko makaho ya shafa jikinta ya san hanyar Stratocaster ta bi. Samfurin 112 ya biyo baya a 1993, kuma abin da ya ɗaga sunansa shi ne an yi jikinsa da katakon alda na gaske a lokacin da ake cika masu araha da filawud a lulluɓe da fenti.

Bambanci na farko da hannu ke ji shi ne tsawon tsirkiya. A Squier da Pacifica, daga inda tsirkiya ta baro kai zuwa jakin da ta hau a jiki milimita 648 ne. A Epiphone Les Paul 628 ne. Santimita biyu kacal, amma doguwar tsirkiya sai an ƙara ɗaure ta kafin ta kai murya ɗaya da gajera, shi ya sa take fitar da sauti mai kaifi, kowace ƙwaya a ware. Gajerar ta fi laushi a yatsa, ta fi sauƙin lanƙwasawa, muryarta kuma ta fi kauri. Wanne ne namu? Kiɗan jitar ƙasar nan daga yatsa biyu ya taso, babban yatsa da manuni, salon da matuƙan jirgin ruwa 'yan ƙabilar Kuru na Laberiya suka yaɗa a gaɓar teku. Da shi Kwame Asare da ƙungiyarsa ta Kumasi Trio suka naɗi faifai a Landan a 1928, shi ne kuma Koo Nimo ya riƙe a garin nan shekaru aru-aru. Salo ne da ke son a ji kowace tsirkiya da kanta, ƙasa tana tafiya, sama tana amsawa. Makaɗan Agadas ma haka suke so. A wannan fage Squier da Pacifica suna gida, Epiphone kuwa sai an yi ta rage mata ƙasa a amfilifaya kafin ta daina cakuɗa ƙwayoyin.

Sai mu zo inda na fi son a tsaya, wato fikof, maganaɗisun nan da aka naɗe da siririyar waya, wanda ke ƙarƙashin tsirkiya yana ɗaukar girgizarta ya mai da ita lantarki. Iri biyu ne. Akwai tilo, naɗi ɗaya, shi ne mai sautin nan garau da ake so a hailaif. Akwai tagwaye, naɗi biyu gefe da gefe, ɗaya ya saɓa wa ɗaya. Matsalar tilo ita ce ba tsirkiya kaɗai yake ji ba. Yana jin wutar da ke yawo a wayoyin ɗaki, yana jin doguwar fitila, yana jin taransifoma, duk ya kwaso ya miƙa wa lasifika a matsayin ƙugi. Wani injiniyan Gibson mai suna Seth Lover ne ya ƙirƙiro tagwayen a tsakiyar shekarun 1950 don maganin wannan, domin ƙugin da naɗi ɗaya ya ɗauko, ɗayan ya kashe shi, sautin tsirkiya kuma ya wuce. Kuɗin da ake biya shi ne kaifin sama yana raguwa.

A ɗakin naɗar sauti mai wuta tsaf, wannan ƙaramar magana ce. A wurin bikin Zango ita ce maganar. An tare layi da rumfa, janareta na bayan katanga, an ja wuta da doguwar waya mai baki biyu wadda ba ta da na ƙasa, an haɗa lasifika da fitilu da firijin lemo duk a kanta. Na ga wani yaro mai hannu ƙwarai a irin wannan wuri a Sawaba, jitarsa tilo uku ce. Da ya ɗaga yatsunsa daga tsirkiya sai lasifika ta ɗauki zuuu, har mata suna waigowa. Mai kula da sauti ya rage shi, ya ƙara ragewa. Yaron ya shiga juyawa a hankali da jitar a wuya yana neman kusurwar da ƙugin ke lafawa, ya same ta, amma sai da ya ba wa ƙawayen amarya baya, yana fuskantar bangon wani gida. Shugaban ƙungiyar ya harare shi, shi kuma ya ce, "Masta, wallahi ba ni ba ne, wutar ce." Gaskiya ya faɗa. A yawancin masu tilo uku, in ka sa makunnin zaɓen fikof, mai matsayi biyar, a na biyu ko na huɗu, inda fikof biyu ke aiki tare, ƙugin yana faɗuwa, kuma da haka ya ƙarasa ranar. Sai dai an ɗaure shi a sauti biyu daga cikin biyar.

Pacifica 112V tilo biyu gare ta, ɗaya wajen wuya ɗaya a tsakiya, sai tagwaye a wajen jaki. Makunninta matsayi biyar ne kamar na Stratocaster. Abin da ya ƙara mata daraja a wurina shi ne maɓallin daidaita kaifi, in ka jawo shi sama, sai ya kashe rabin tagwayen ya bar maka tilo. Ke nan a otal mai wuta lafiya kana da tilo uku, ka yi hailaif ɗinka garau. A ƙarƙashin rumfa, in ƙugi ya taso, ka danna maɓallin ƙasa ka koma kan tagwaye, ka fuskanci jama'a. In waƙar coci ta kai inda ake son jita ta yi kuka mai kauri ta ja dogon numfashi, tagwayen nan ne dai za su yi. Ba za ta zama Les Paul ba, kada wani ya ruɗe ka, amma za ta kai ka inda mai biki ba zai san bambancin ba.

Squier ma suna da mai wannan tsari na tilo biyu da tagwaye a jerin Affinity, kuma ba laifi gare ta. Inda suka rabu shi ne kayan ciki. Maganaɗisun Affinity na siramik ne, jikinta katakon fofla. Na 112V alniko ne, gamin alminiyam da nikel da kobal, irin wanda aka yi jitocin farko da shi, jikinta kuma alda. A kunnena siramik mai araha yana da tsawa amma yana da ɗaci a sama, alniko ya fi zaƙi in ana kiɗa ba tare da murɗa sauti ba, wanda shi ne yawancin aikinmu. In kana son alniko a Squier sai ka hau zuwa Classic Vibe, wadda ta fi 112V tsada. A nan zan cire hula: in aikinka hailaif ne zalla, wurin da kake kiɗa wutarsa lafiya, kuɗinka kuma ya kai, Classic Vibe Stratocaster ta fi Pacifica wannan ƙyalli na tsakiya da ake ji a tsofaffin faya-fayai. Ban taɓa hana kowa ita ba.

A kula da lamba, don ba kowace Pacifica ce nake yabo ba. Akwai 012, ita ce ta ƙasa, akwai 112J a tsakiya. Dukansu siramik ne, kuma ba su da maɓallin nan da ake jawowa. Mai shago zai ce maka duk ɗaya ne. Ka duba harafin V ɗin da idonka, ka kuma ja maɓallin ka ji ya ɗago.

Epiphone fa? Tagwaye biyu, babu ƙugi, sauti mai nauyi da ke cika wuri ko da ƙungiyar ba ta da yawa. Mai kiɗan rok, ko wanda aikinsa jan dogon solo ne a coci, zai ji daɗinta fiye da sauran biyun, kuma kyanta a hoto ba a magana. Abu biyu ke sa ba na tura mai jita ɗaya wajenta. Na farko nauyi: Les Paul takan haura kilo huɗu, masu siffar Stratocaster kuwa sukan tsaya wajen uku da rabi. A minti goma cikin shago ba ka jin wannan. A jana'izar da aka fara da azahar aka kai magariba, kafaɗarka za ta ba ka labari. Na biyu shi ne kai. Kan Les Paul a karkace yake zuwa baya, kuma daidai inda ya karkata nan ne aka rarake katakon don sandar ƙarfen da ke cikin wuya, nan ne kuma ya fi siranta. In jitar ta faɗi ta baya, kai ne ke fara dukan ƙasa. Karyewar kan irin wannan ƙira sananniyar magana ce a wurin masu gyara a ko'ina, ko da yake karkatar Epiphone ba ta kai ta Gibson ba. A yawancinsu kuma wuyan manne yake da jiki, ba a kwance shi. Wuyan Squier da Pacifica miƙaƙƙe ne, na katakon mafal mai tauri, an ɗaure shi da sukurori huɗu. Da wuya ya karye, in ma ya lalace a kwance a sa wani. Wanda ya taɓa ganin yadda yaron mota ke tura kaya a bayan turoturo a Kejetia ya san abin da nake nufi.

Akwai wani dalilin da ba ya cikin takardar kamfani, hannu ne kawai ke gano shi, kuma shi ne ya fi ɗaure ni da Yamaha. In ka ɗauki Pacifica wannan ka ajiye ka ɗauki waccan, kusan abu ɗaya za ka ji. Bakin firet, ƙarafan nan da ke gitta wuya, a goge suke ba sa yankar tafin hannu, wuyan ya zauna daram a gurbinsa, kunnuwan ɗaure tsirkiya ba sa sulɓewa. A jitoci masu araha gaba ɗaya, sa'a tana da rabo babba, wata ta fito kamar ta ninkin kuɗinta, 'yar'uwarta daga kwali ɗaya ta zo da aiki. Mutumin Landan zai gwada goma ya zaɓi ɗaya, in ya kai gida bai gamsu ba ya mayar. Mu a shagunan Adum wataƙila guda ɗaya ce a rataye, wani lokaci ma ɗan'uwa ne zai aiko da ita daga Jamus ko Amurka ba ka taɓa ta ba, kuma abin da ya iso ya iso. A irin wannan ciniki, sunan da ba ya ba ka mamaki ya fi sunan da ke iya ba ka mamaki ta kowane gefe.

To, aibunta. Wuyanta siriri ne a sama, faɗinsa milimita 41, Squier 42, Epiphone wajen 43. Mai manyan yatsu, musamman wanda ya taso a kan jitar katako, zai ji tsirkiyoyin sun matse masa, kuma wannan ba abin da ake gyarawa ba ne. Allon wuyan ya fi na Squier shimfiɗuwa, wasu na so, wasu na cewa ba ya cika musu hannu. Farantin roba na gabanta nata ne ita kaɗai, na Stratocaster da ake samu ko'ina ba ya hawa, ko da yake fikof da maɓallai da soket duk mai gyaran rediyo da ya iya dalma zai canza maka su. Ba ta da kwarjini: ba wanda zai tsaya bayan biki ya ce a ɗauke shi hoto da ita. Ranar sayarwa kuma Squier ta fi saurin samun mai saye, don akwai sunan Fender a rubuce a kanta ko da ƙanana ne haruffan. In kana cikin masu canza jita duk shekara, ka sa wannan a lissafi. Wanda ke ganin manya ba sa riƙe Yamaha kuwa, Carlos Santana ya yi shekaru da SG2000 ɗinsu a ƙarshen shekarun 1970, Mike Stern na jaz kuma Pacifica ce ke ɗauke da sunansa.

Ibanez da Cort ma suna shigowa kasuwar nan, kuma ba na raina su. Cort kamfanin Koriya ta Kudu ne da ke da masana'anta a Indunusiya, yana ƙera wa wasu manyan sunaye jitocinsu masu sauƙin kuɗi, don haka ya san aikin. Ibanez kuwa wuyanta falale ne don masu gudu. Gargaɗi ɗaya: ka guji duk wadda jakinta ke da makullai masu kulle tsirkiya, irin na masu kiɗan rok mai tsananin ƙara. In tsirkiya ɗaya ta tsinke a tsakiyar waƙa, sauran biyar duk saitinsu ya tashi, kuma sai da alanki za ka canza ta, ga jama'a na jira.

Yanayin garin ma yana da ƙuri'a. Kumasi gari ne na danshi yawancin shekara, sai hunturu ya sauko daga Disamba zuwa Fabrairu ya busar da komai. Katako yana sha yana kumbura, yana bushewa yana tsukewa, wuya yana ɗan lanƙwasa gaba ko baya, tsirkiya ta yi sama ta gajiyar da yatsa ko ta yi ƙasa ta riƙa taɓa firet. Kowace jita haka take yi, maganinta sandar ƙarfen nan ta cikin wuya, a juya ta kaɗan kaɗan, rubu'in zagaye a bar ta ta kwana. 'Yan'uwanmu na Nima da Mamobi a Akra nasu ya fi namu, ga danshi ga gishirin teku, tsirkiya da sukurori suna tsatsa tun ba a je ko'ina ba. Ƙyalle busasshe a cikin jaka, a goge tsirkiya sama da ƙasa bayan kowane kiɗa, ya fi duk wani mai da za a sayar maka.

A jitar katako, wadda ba ta bukatar wuta, yanayin nan ne ma ke yanke hukunci, kuma a nan ban ga mai ja da Yamaha a farashinta ba. Tun 1966 suke yin jerin FG. Zaɓin yana tsakanin F310 da FG800. Fuskar F310 falle-falle ce da aka manne, ta FG800 kuwa katako guda ne. Katako guda ya fi amo nesa ba kusa ba, yana kuma ƙara daɗi da shekaru, amma shi ne ke tsagewa in iska ta bushe ƙwarai, domin irin wannan jita ta fi son danshin da ke tsakanin kashi 45 zuwa 55 cikin ɗari. In a Kumasi za ta zauna, cikin akwatinta, FG800 ta cancanci ƙarin kuɗin. In kana yawan hawa Tamale ko Bolga ko Bawku da ita cikin hunturu, ko ta yara ce da za ta kwana a zaure, ka ɗauki F310 hankalinka kwance. Mai koyo da yatsunsa ba su yi kanta ba, ko mai son tsohon salon yatsa biyu, C40 mai tsirkiyar nailan ta ishe shi. Wanda ya taso da garaya ko gurmi ma ya fi saurin sabawa da ita.

Ban sa farashi ba da gangan. Kayan nan da dala ake shigo da su ta tashar jirgin ruwa ta Tema, kuma wanda ya ga 2022, shekarar da kuɗinmu sidi ya zube har hauhawar farashi ta haura kashi 50 cikin ɗari a Disamba, ya san lambar da aka rubuta yau ba ta kai wata. Abin da ba ya canzawa shi ne jerin: Sonic ta Squier da Pacifica 012 a ƙasa, Affinity da 112V kusa da juna, Classic Vibe da Epiphone Les Paul Standard a sama.

Sai jabu. In aka nuna maka jita da sunan Gibson ko Fender ɓaro-ɓaro a kai, a kuɗin da bai kai na Squier sabuwa ba, aka ce ta hannu ce daga Turai, mai ita bai san darajarta ba, to araha ba ta ado. Murfin sandar wuya da ke kan Gibson na gaske sukurori biyu ke riƙe da shi, na jabu sau da yawa uku ne. Masu buga jabu suna bin sunan da ke da riba, shi ya sa ba su cika wahalar da kansu a kan Pacifica ba, wannan ma wata kariya ce ga mai saye. Tsirkiya ma ana yin jabunta, har da kwalin, kuma ita ce ke sa mutum ya zargi jitarsa da rashin riƙe saiti alhali ba laifinta.

Ko wacce ka zaɓa, kada ka biya sai ka zauna da ita. Ka je da wayar jona jitarka da na'urar saita muryar tsirkiya. Ka ɗaga jitar ka sa ido daga kai ka hango wuyan har jiki kamar mai duba miƙewar katako, in ya murɗe gefe, ajiye ta, ba gyara. Ka shafa gefen wuya sama da ƙasa ka ji ko firet na cizo. Ka buga kowace tsirkiya a kowane firet tun kafin a sa wuta, kana sauraron inda za ta yi zizara ko ta mutu. Ka saita ta, ka danna firet na 12 ka duba ko muryar ta yi daidai da ta tsirkiya a sake, in ta ɗan kauce ana gyarawa a jaki, in ta kauce da yawa akwai magana. Sannan a haɗa da amfilifaya, ba tare da wani abin ƙawata sauti ba, ka bi makunnin matsayi ɗaya bayan ɗaya, ka juya maɓallai ka ji ko suna ƙarar yashi, ka girgiza wayar a bakin soket. Mai shago zai so ya karɓa ya kaɗa maka da kansa da ƙara sosai. Ka ce masa, "Maigida, bari hannuna ya ji, shi zai zauna da ita." Ka sa maɗauri ka miƙe tsaye da ita ma, don a tsaye za ka ci abinci da ita.

Tunda an ambaci amfilifaya: wutar Gana bolt 230 ce, ta Amurka 120. In ɗan'uwa ya aiko maka da ita daga can, ka karanta bayanta kafin ka soka, in ba ta karɓar 230 sai da taransifoma mai rage wuta. Kada kuma ka yarda a karya ƙafa ta uku ta filogi don ya shiga soket. Tsirkiyar jita a haɗe take da ƙasan amfilifaya, in babu wannan ƙafa kuma wani abu ya lalace a ciki, hannunka na kan tsirkiya leɓenka ya taɓa makirfo, kai ne hanyar wutar.

In ka kawo Pacifica gida, ka cire tsirkiyar da ta zo da ita, don ba ka san watannin da ta yi a jirgi da sito ba. Masu lamba 9 sun fi laushi, masu lamba 10 sun fi riƙe saiti da cika sauti, kuma su nake sa wa mai yatsa biyu. In ka canza lamba sai an sake daidaita wuya da jaki. Sandar girgiza sautin nan da ke jikin jaki kuwa, yawancinmu ba ma taɓa ta, amma tana nan tana sa saiti yawo. Ka buɗe murfin baya, za ka ga dunƙulen ƙarfe da sifirin ke ja. Ka auna ratar da ke tsakaninsa da katako, ka sa kafinta ya yanko maka ɗan guntun katako mai tauri daidai wurin, ko a kasuwar katako ta Sokoban ko a bakin layinku, ka cusa shi ya zauna dam, ka ƙara ɗaure sukurori biyun da ke riƙe da sifirin. Daga ranar, ko tsirkiya ta tsinke ana tsakiyar waƙar amarya, sauran biyar suna nan inda ka bar su, ka ƙarasa da su.